Sunan da Aka Bar Mini a Kwano

Na ji abin da ake faɗa. Kada ku ɗauka don kunnena ya yi nauyi maganar ba ta iso ni ba. Wai taurin kai ne ya hana Hajiya hawa mota lokacin da kowa yake gudu daga Bangi, wai gida da shago ta kasa rabuwa da su, har Alhaji ya rasu a can babu ɗansa ko ɗaya a kan gawarsa. Wani a cikinku ma, na san shi sarai, ya ce da bakinsa kwano na zaɓa na bar miji. To, akwai kwano a maganar, amma ba yadda kuke juya ta ba. Shi ya sa na zauna zan faɗe ta daki-daki tun ina da sauran numfashi, wanda zai ji haushina ya ji shi a kan abin da ya faru.

A shekarar da gari ya ɓaci, mu kaɗan ne a gidanmu na Kilomita Biyar, wato Sankilo, a bayan Titin Koudoukou. Sani, babban ɗana, ya tafi Duwala sayo kaya, hanya ta rufe a bayansa. Ku sauran 'ya'yana kuna Garwa da Kano. Saura ni da Alhaji, da Balki matar Sani da jaririnta a goye, da 'yarsu ta fari wadda aka sa wa sunana. Da yake Balki ba za ta kama sunan surukarta ba, sai ake kiran yarinyar Ummi, ni kuwa takwara nake ce mata. Ba ta kai shekara goma ba a lokacin, ga baki, ga gardama. Sango, yaren ƙasar, a bakinta ya fi Hausa zama, amma in ta yi tuntuɓe ko wuta ta taɓa ta, da Hausa take kuka, "Wayyo Allah!" har maƙwabta su ji. Sai ta ƙarshenmu, Zoziyan, Kirista ce, mai sayar da gozo, garin rogon nan, a ƙofar shagonmu tun Sani yana rarrafe. Ranar da aka fara sare-sare tana bakin tallarta, hanyar gidansu ta yanke, sai na ja ta ciki na rufe ƙofa.

Ku da kuke nesa a rediyo kuka ji, mu kuwa a jikinmu. Da farko 'yan tawaye ne suka sauko daga arewa suka ƙwace gari, suka yi ta'asar da har yau nake jin kunyar a ce masu salla ne suka yi ta. Daga baya samari masu adduna da layu a jiki suka taso ramuwa, su kuma ba ruwansu da wa ya yi wa bai yi ba, hula da mayafi kawai suke dubawa. Suka zagaye unguwa suka kafa shingaye, Musulmin da ya haura gadar Yakité ba ya dawowa. A ciki kuma namu samarin sun ɗauki bindiga, idonsu ya rufe, da sun san akwai Kirista a gidana da ban san abin da zai faru ba. Na yafa wa Zoziyan mayafina, na ce kowa ya riƙa ce mata Gwaggo. Ni da ake cewa ba na tsoron kowa a kasuwa, wallahi a lokacin na ji tsoro. Da rana tsaka ake harbi, ana cikin tuƙa tuwo sai ka ji kwanon rufi yana amsawa. Sai mu bar tukunya a wuta mu ruga ɗakina mu shige ƙarƙashin gadon ƙarfe, har Alhaji da girmansa da ciwon sukarinsa.

A ƙarƙashin gadon nan aka fara abin. Wata rana harbi ya yi tsanani, Ummi tana ta karkarwa haƙoranta suna haɗuwa, na ce bari in yi mata tatsuniya. Ko "ga ta nan" ban gama ba ta katse ni.

"Kaka, duk na san su. Mu yi tamu mana."

"Tamu ta me, takwara?"

"Mu ƙirƙiri ƙasa. Kowa ya kawo mutanensa."

Alhaji ya yi tsaki ya ce ana mutuwa a waje ana shirme a ciki, amma kafin azahar shi ya fi kowa zaƙewa. Ummi ta raɗa wa wurin suna Ƙasar Ƙarƙashin Gado, ta kuma kafa sharaɗi: abin da wani ya faɗa ya zauna, ba mai rushe shi, sai dai a ƙara a kai. Balki ta ce ita ma tana da nata sharaɗin, babu bindiga a ƙasar, ko ta harbin tsuntsu. Alhaji ya kawo Dogwaye, fataken gishiri masu tsawon da kansu yake cikin gajimare, ba sa ƙarya a ciniki amma ba sa jin ragi don kunnensu ya yi nisa da ƙasa. Muka ce ai kansa ya zana. Zoziyan ta kawo Mutanen Kwalekwale, a ruwa ake haifarsu a ruwa suke mutuwa, akwai fata tsakanin yatsunsu irin ta agwagwa, aikinsu tsallakar da matafiya, kuma abin kunya ne a wurinsu su tambayi wanda suka ɗauka daga ina yake. Ni na kawo wasu tsofaffin mata masu masifa waɗanda in sun yi wa hadari faɗa sai ya koma. Aka yi mini dariya har da jaririn da bai san me ake yi ba.

Amma na Ummi su ne suka cinye wasan. 'Yan Kunne ta kira su, ƙanana ne ba su wuce turmi ba, kunnuwansu har ƙasa, da ɗaya suke shimfiɗa da ɗaya suke rufa. Kullum aka shiga ƙarƙashin gado sai an ƙara musu wani abu. Balki ta ce fure suke ci da zuma. Zoziyan ta ce in za su gaisa sai su haɗa gefen kunne. Wata rana na tambaye ta, to in sun ji ciwo yaya suke kuka? Ta kalli uwarta, wadda a lokacin ta toshe bakin jariri da nono don kada a ji shi daga titi.

"Ba sa ihu," in ji ta. "Kunnen 'yan'uwansu zai fashe. Harshe suke bugawa a ganda, haka." Ta yi ƙwal-ƙwal da harshenta.

Wata rana kuma ta ce 'Yan Kunne ba sa tafiya da sunansu, don a hanya akwai masu satar suna. In ɗayansu zai yi tafiya sai ya hura sunansa a kwano, tsohuwar gida ta rufe ta ajiye, in ya dawo ta buɗe ta mayar masa. Alhaji ya ga dama ta samu, don ya daɗe yana mita a kan yawon bikina.

"Na ƙara," ya ce yana kallona ta wutsiyar ido. "Tsohuwar da aka ba ajiyar suna ba ta fita ko ƙofar gida. Ba biki, ba suna, ba gaisuwar mutuwa. In ta fita, matafiyi ya ɓata ke nan har abada."

"Kai, Alhaji, wannan ai mugunta ce!" na ce.

"Ba a rushewa, Kaka," in ji Ummi tana ƙyalƙyala dariya. "Ya zauna."

Ana nan sai Ummi ta tashi da ciwon ciki. Muka ɗauka tsutsa ce, muka ba ta jiƙo, ta amayar. Washegari zazzaɓi ya rufe ta, ta naɗe wuri ɗaya, ko zane ya taɓa gefen cikinta na dama sai ta ƙwala "Wayyo Allah!" Alhaji ya lallaɓa ta lungu ya kira wani tsohon ma'aikacin jinya da ya rage a unguwa. Mutumin ya danna cikin, ya saki, ya ja mu waje. Ya ce hanji ne ya kumbura, in ba a yi mata aiki yau ko gobe ba zai fashe, shi kuwa ba shi da komai a hannu sai ƙwayar zazzaɓi. Asibitin da ake tiyata yana cikin gari, bayan shingayen masu adduna. Balki ta zube a ƙasa. Ita ba za ta iya kai ta ba, 'yar Maraɗi ce, ga zane a kumatu, Sangonta ko na sayen gishiri bai kai ba. Ni da Alhaji kuwa ko makaho ya ji muryarmu ya san ko su wane ne.

Zoziyan ta cire mayafina daga kanta ta ninke ta ajiye a kan gado.

"Mama, ba ni ita. Zan ce 'yata ce."

In na hana, yarinya za ta mutu a hannuna ina kallo. In na bari, wataƙila a sare ta a kan titi tare da matar da ta goya ta, kuma ko gawa ba za mu gani ba. Na dubi Alhaji, ya sunkuyar da kai. Na ce a shirya ta. Muka cire mata laya, muka goge kwalli, Zoziyan ta tsefe mata kai ta yi mata irin kitsonsu, muka yanke farcen da ke da sauran lalle. Sai aka zo kan suna. Zoziyan ta ce in an tambaye ta ta ce sunanta Mari, kuma ko me za a yi mata kada ta kira Allah da Hausa. Nan yarinya ta kafe. Tana kwance gumi yana zuba, idonta ya faɗa, amma ta girgiza kai.

"Ni ba Mari ba ce. Malaminmu ya ce wanda ya musanta addininsa wuta zai shiga."

Alhaji ya durƙusa kusa da ita ya yi mata bayani cewa wanda aka tilasta babu laifi a kansa, ya jawo aya ya jawo hadisi. Ina! Ko gezau. Balki ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta ɗaga hannu za ta mare ta sai ta fashe da kuka. Rana tana ɗagawa, kuma da safe ne kawai masu talla suke ɗan wucewa ta shingen. Na san irin kan yarinyar nan, don nawa ta ɗauko. Sai na tashi na shiga kicin, na sauko da kwanon shan nan mai murfi, mai zanen jan fure, na cikin kayan aurena. Na zauna a gefenta na buɗe shi.

"Takwara, ba wanda zai sa ki yi ƙarya. Ba Mari za ki zama ba. 'Yar Kunne ce za ta yi tafiya yau, ga kuma Mutumiyar Kwalekwale za ta tsallakar da ita. Hura sunanki a nan."

Ta kalle ni, ta kalli kwanon. Sannan ta ɗago kai da ƙyar, ta kai bakinta bakin kwanon ta raɗa, "A'ishatu." Na rufe da sauri kamar wani abu zai tsere.

"Yanzu in an tambaye ki suna fa?"

Ta yi shiru.

"In an taɓa inda yake miki ciwo?"

Ta buga harshe, ƙwal-ƙwal. Sai ta riƙo gefen zanena ta ce, "Kaka, ba za ki fita ba ko?" Na ce ko ƙofar gida. Wannan ce maganarta ta ƙarshe da na ji kafin Zoziyan ta goya ta suka fita ta ƙofar baya.

Abin da ya faru a shingen daga baya Zoziyan ta ba ni labari. Samari ne suka tare su, ɗaya ya sa ta sauke yarinyar a ƙasa. Ya duba goshinta, ya duba yatsunta, ya shinshina kanta. Ya tambaye ta suna da Sango, ta zuba masa ido. Zoziyan ta ce 'yarta ce, bebiya ce tun haihuwa. Ya ce ai sun san dabarar, Musulmi in ya ji wuya da kansa yake tona kansa. Sai ya juya addarsa ya danna ƙotar a cikin yarinyar, daidai wurin ciwon, ya murza. Zoziyan ta ce ita ta riga ta sallama, ta rufe ido tana jiran ta ji "Wayyo Allah" sannan ta ji saukar ƙarfe. Sai ta ji ƙwal-ƙwal, ƙwal-ƙwal. Hawaye yana kwarara, jikin yarinyar ya sandare, amma harshe kawai take bugawa. Samarin suka yi dariya suka ce ta kwashe mahaukaciyarta ta wuce.

Mu duk ba mu san wannan ba. Da la'asar wayar Alhaji ta yi ƙara, muryar Zoziyan ce, ta ce an yi aiki, tana numfashi. Shi ke nan. Muka yi ta kira bayan haka, waya a kashe, yau a kashe, gobe a kashe. Ashe an ƙone unguwar su Zoziyan, an ƙwace wayar, ta ɗauki yarinyar daga asibiti suka faɗa sansanin masu gudun hijira na kusa da filin jirgi, cikin dubban mutanen da Musulmi suka kashe wa dangi. Ni kuwa ina gida, duk ƙarar da na ji sai in ce Ummi aka sara. Na daina cin abinci sai Alhaji ya tsaya a kaina. Na ɗora kwanon a saman kabad, ko ƙura zan goge ba na bari murfin ya motsa.

Sai manyan motoci suka zo kwashe mutane zuwa Kamaru. Unguwa ta ɗauki kuka, kowa yana ɗaure katifa da tukwane. Sani ya bugo yana roƙo, ku ma kuka bugo kuna faɗa. Na ce wa Balki ta ɗauki jaririnta ta hau, ta ce ba za ta bar 'yarta ba, na ce umarni nake ba ta, ɗaya ya tsira ya fi a rasa biyu. Ta tafi tana waiwaye, kuma na san abin da na ɗora mata. Ni kuwa na ce ba inda za ni. Ku ji da kyau, ni ba mahaukaciya ba ce, na san babu komai a cikin kwanon nan sai iska. Amma Zoziyan ƙofa ɗaya ta sani a duniya da za ta dawo da 'yar mutane, ita ce tawa. In ta zo ta tarar da kufai, ina za ta kai ta? Kuma yarinyar ta yarda da ni ne ta rufe bakinta. Na ce wa Alhaji shi ya tafi, maganinsa ya kusa ƙarewa, kantunan magani duk an fasa su. Na roƙe shi, na yi masa masifa irin wadda na iya, har na ɗaure masa kayansa na kai zaure. Ya ɗauko su ya dawo da su ɗaki.

"Hajiya, dokar nan wa ya kafa ta?"

"Wasa ne fa, Alhaji."

"Ni na ce tsohuwa ba ta fita. To wa zai sayo mata gawayi?"

Haka ya zauna. Shi yake zuwa rijiya, shi yake lallaɓawa bakin masallaci ya samo ɗan abin da za mu ci. Da magani ya ƙare sai ƙafarsa ta fara kumbura, ya yi ta ramewa, ƙishirwa ba ta barinsa. Ko a kwance bai daina ƙara wa Dogwaye abubuwa ba, wai in ajiye wa Ummi. Ya rasu da hantsi a farkon damina, kansa a cinyata. Tsofaffin da suka rage a layinmu su suka yi masa sutura. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin da suka biyo baya ba, ni kaɗai a gida mai ɗakuna da yawa, ina jin motsin ɓera in ɗauka mutum ne ya hauro. Sau da yawa na tsaya gaban kabad ina cewa a raina wataƙila ajiyar matacciya nake gadi.

Damina ta yi nisa, an fara barin mata masu talla suna shigowa unguwa, wata safiya ina shara na ji ana taɓa ƙofar baya. Na leƙa ta kafar ƙyaure. Zoziyan ce, ta rame har na kusa kasa gane ta, a gefenta wata doguwar yarinya cikin riga irin tasu, wuya kamar zare. Na buɗe na miƙa hannu zan rungume ta, sai ta ja da baya ta tsaya a bakin dokin ƙofa. Zoziyan ta ce mini, "Mama, tun ranar ba ta yi magana ba. Ko da ni. Ko a barci." Watanni yarinyar nan tana cikin mutane a matsayin bebiya, aka yanka cikinta aka ɗinke, aka cire zare, harshe kawai take bugawa.

Na koma ɗaki na sauko da kwanon. Na durƙusa a gabanta, na kai shi daidai bakinta na ɗaga murfin.

"A'ishatu," na ce. "Karɓi abinki."

Ta ja numfashi. Leɓenta ya yi ta motsi, murya ta ƙi fita, sai can ta fito a dishe kamar ta tsohuwa. Ta dafe gefen cikinta na dama, inda ciwo ya daɗe da warkewa.

"Wayyo Allah, Kaka. Wayyo Allah, da zafi."

Muka zube mu uku a ƙasa muna kuka, ta yi ta maimaitawa har muryarta ta buɗe, ban hana ta ba, na ce ta yi da ƙarfi kowa ya ji. Da ta lafa sai ta share ido ta dubi gindin mangwaro inda tabarmar kakanta take zama, ta ga wurin a share.

"Kaka, ina Alhaji? Na ƙara wa Dogwaye abu, tun a can nake riƙe da shi."

Na ce mata ta faɗa mini, ni ma akwai nasa da ya bar mata.